Benen Sukari a Hanyar Assakio

Ran wata Asabar cikin watan Maris, lokacin da zafin kwarin Binuwai ya kai maƙura har inuwar mangwaro ba ta magani, aka ɗora mini wata amana wadda ban nema ba, wadda kuma da na san haƙiƙaninta da na kawo uzuri tun da wuri, watau in rako kek ɗin bikin 'yar ƙanwata daga Lafiya zuwa Assakio. Hujjar uwar amarya ita ce ni dattijo ne, direba zai ji nauyina ya tafi a hankali. Ita kuwa amarya, da ta kira ni a waya tun da asuba, iyakar abin da ta ce shi ne, "Kawu, don girman Allah a lallaɓa shi, hawa huɗu ne." Na amsa da to, alhali kuwa ban taɓa jin ana lissafa abinci da hawa kamar bene ba sai ran nan.

Mai sana'ar, wata matashiya mai ladabi wadda ta kwana biyu ba barci a kan aikin, ta yi mana nasihar da ba mu bi ba. Ta ce, "Baba, da kun yarda da na biyo ku da shi hawa-hawa, kowanne a kwalinsa, in harhaɗa shi a can." Sai dai rakiyar tana da nata kuɗi, mu kuwa aljihu ya riga ya ƙare a kan hayar rumfa da kujeru, saboda haka muka ce a haɗa shi a nan, Allah ya kiyaye hanya. Ta ce to, kada a ɗora shi a kujera domin kujerar mota a karkace take, kada kuma a ɗora a cinya domin cinya tana da ɗumi, a nema masa wuri shimfiɗaɗɗe a ƙasa. Motar tamu ƙarama ce, ba ta da irin wannan wuri. A cinya ya tafi, kuma cinyar tawa ce.

Mun wuce Akurba lami lafiya. Kafin mu kai Adogi ya fara gumi kamar manomi a kunya, a Ashige na ji hawan sama yana motsi a duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, sa'an nan da muka shiga Assakio, bayan addu'o'in da ban taɓa yi wa wani abinci irinsu ba, sai ga furannin bota da aka jera a gefensa sun malale, sunan ango ya zame ya hau kan na amarya, hawan ƙoli kuwa ya karkata kamar hular mai jin sarauta. Daga Lafiya ya taso, amma bai iso lafiya ba. Ƙawayen amarya suka juya ɓangaren da ya ɓaci wajen labule, suka toshe sauran da furen roba, aka ce alhamdu lillahi.

Ban ɗauki alƙalami domin in yanke wa kek hukuncin haramci ba, kamar yadda na ji wasu masu wa'azi suna gaggawar yi. Ƙa'idar da fuƙaha'u suka kafa ita ce asalin abinci da al'adu halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma da a ce duk abin da ya zo mana ta hannun Nasara haramun ne, da shayi da burodi sun riga kek faɗawa, ga shi kuwa da su malam da almajiri suke karya kumallo. Wuri ɗaya ne na san akwai mas'ala ta gaske a cikinsa, shi ne cewa kek ɗin aure irin na Ingilishi, wanda ake cusa wa busasshen inabi, da barasa ake jiƙa shi domin ya daɗe bai lalace ba, kuma har yau akwai masu sana'a a ƙasar nan da ke bin wannan tsari idan ba a hana su ba. Wajibi ne Musulmi ya tambaya kafin ya ba da kuɗin aiki. Bayan wannan, fulawa ce da ƙwai da sukari da bota, ba wanda shari'a ta ƙyamata a cikinsu. Ƙorafina a wani wuri yake: wannan bene an gina shi ne saboda wata ƙasa, da wata hanya, da wani irin taro, ba namu ba, mu kuwa mun ɗauko surarsa mun baro hikimarsa a can.

Asalin darajarsa a Ingila daga tsadar farin sukari ta fito, domin a zamanin da tataccen sukari yake sai gidan mai hali, farin kek shela ce ta dukiyar uban amarya, iyakar farinsa iyakar arzikin gidan. Da Sarauniya Victoria ta auri Yarima Albert ran 10 ga Fabrairu 1840, an yi mata wanda nauyinsa ya kai kimanin laba 300, aka lulluɓe shi da farin sukari mai tauri, talakawa suka ga zanensa a jaridu, kowa ya shiga kwaikwayo gwargwadon ƙarfinsa. Na Sarauniya Elizabeth, wadda aka ɗaura wa aure ran 20 ga Nuwamba 1947 tun tana gimbiya, hawa huɗu ne kamar na 'yar ƙanwata, illa dai tsayinsa ƙafa 9 ne, nauyinsa kimanin laba 500, kuma saboda ƙarancin abinci na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga Ostireliya aka aiko da yawancin kayan haɗinsa. To amma abin lura, wanda masu kwaikwayo ba su lura da shi ba, shi ne irin wancan kek mai ƙarfi ne, mai nauyi, mai jure ajiya na watanni a ƙasa mai sanyi. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa a sa a 'yan akwatuna a aika wa waɗanda ba su samu halarta ba, a kuma adana hawa guda har ranar sunan ɗan fari. Ashe ko a wurin masu shi, abin rabo ne da ajiya. Ya iso mana ta gidajen Turawan mulki da kukunsu, da makarantun mishan inda aka koya wa 'yan mata girki, ya zauna da farko a bikin maƙwabtanmu Kirista, daga baya finafinai da hotunan waya suka shigo da shi har cikin gidajen Musulmi, amma a hanya ya canza hali, ya zama mai laushi, mai shafen bota, wanda ba ya kwana uku.

Duk wanda ya taɓa riƙe man shanu a tafin hannu ya san abin da zan faɗa. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin zafi, rana kuwa a ƙasar Lafiya cikin Fabrairu da Maris tana wuce haka ba tare da neman izinin kowa ba, balle cikin motar da ba ta da na'urar sanyi, balle ƙarƙashin rumfar tamfol da ƙarfe biyu na rana. Galibin bukukuwanmu kuwa a wannan tsakani suke faɗowa, bayan an haƙe doya an sayar da riɗi, kuɗi sun shigo hannu. Masu sana'a suna dabara, suna musanya bota da wani mai wanda ya fi ta jure zafi, ko su lulluɓe kek ɗin da wani kwaɓin sukari mai kama da zane wanda suke kira fondan; sai dai shi ma fondan yana da tasa cuta, domin idan aka fito da shi daga firji zuwa iska mai ɗumi da laima, nan da nan raɓa take kwanta masa, launi ya fara zuba. Firjin ma sai da wuta. Gaskiya ne tun da Shugaba Buhari ya buɗe babbar tashar lantarki ta Akurba a 2022 an samu sauƙi a cikin Lafiya, amma ba mai hankalin da zai rataya mutuncin bikin 'yarsa a wuyan wayar lantarki, sai a koma ga janareta, shi kuwa fetur tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi kowa ya san yadda yake. Sa'an nan hawa ba ya zama a kan hawa don kansa: kowanne yana kan faifan kwali ne, an kafa masa 'yan sanduna a cikin na ƙasa domin su ɗauki nauyi, a wani lokaci a soke su duka da sanda guda daga sama har ƙasa. Gini ne sosai, kuma ginin da aka yi da abin da ke narkewa, aka ce a kai shi ƙauye a cinya.

Da aka zo yanka ne na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Sanƙiran zamani, wanda yara ke kira emsi, ya tara jama'a, ya sa ango da amarya suka kama wuƙa guda, aka ƙirga haruffan wata kalmar Turanci da ƙarfi, masu hoto suka yi ta walƙiya. Na lura babbar ƙawa tana nuna wa amarya inda za ta sa wuƙar, tana raɗa mata kada ta kuskura ta gangara ƙasa. Ashe hawa biyu na ƙasa, manyan, waɗanda na fi jin tsoron su fashe a hanya, ba kek ba ne, farin soso ne irin wanda ake tarar da shi cikin kwalin sabon talabijin, aka shafe shi da sukari aka yi masa ado. Kallon kitse muka yi ta yi wa rogo tun daga Lafiya. Na tambayi ƙanwata a gefe, ta ce, "Yaya, ai haka kowa yake yi yanzu, hoto ake so." Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ji kunya ba, kuma ban ga laifinta ita kaɗai ba, tun da al'ada idan ta game gari takan cire wa mutum jin nauyin abin. Ingilishi ma sun taɓa yin irin wannan: a 1940, da yaƙi ya tsananta gwamnatinsu ta hana shafa wa kek sukari, sai masu gashi suka riƙa ba da hayar murfin kwali mai siffar babban kek, a kifa shi a kan ɗan ƙarami. Amma su larurar yaƙi ce ta sa su, larura kuwa tana da nata hukunci. Mu wace larura ce ta kama mu, in ba riya ba?

Hawa biyun da suka rage na gaskiya, waɗanda suka sha rana suka sha hanya, a babban tebur suka ƙare. Mutum talatin ko arba'in suka samu yanka kamar kaurin yatsa, cikinsu har da ni, ban kuwa ji daɗin haɗiyarsa ba, domin ina kallon yaran unguwa sun yi dafifi a bakin rumfa, sun kafa wa benen ido tun azahar, suna jiran a zo kansu, ba a kuwa zo ba.

A nan ne nake ganin kek mai hawa ya saɓa wa maƙasudin walima, ko da bai saɓa wa harafin shari'a ba. Walima ciyarwa ce da bayyana aure, kuma ma'auninta ba tsada ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu, attajiri, da ya yi walima ko da da akuya guda ce. Shi kansa kuwa da ya auri Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, shimfiɗun fata aka baza, kowa ya kawo abin da ke cikin guzurinsa na dabino da man shanu da busasshen nono, aka cuɗa su wuri guda aka ci, ba nama ba gurasa. Mai hankali zai ga abu biyu a nan: zaƙi a ranar aure ba baƙo ba ne a Musulunci, kuma zaƙin nan kowa ya sa hannu a ciki. An kuma ruwaito zargi mai tsanani a kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. To bikin Turai da katin gayyata ake zuwa, an ƙidaya kujeru, an ƙidaya faranti, mai gashi ya san bakin mutum nawa zai yanka wa. Bikin Assakio kuwa wa ya isa ya ƙidaya shi? Garin Alago ne mai sarautar Osakyo, ga Eggon, ga Hausawa, ga Fulani, ga Tibi, ga baƙin da suka biyo hanyar Shendam, duk wanda ya ji kiɗa ya shigo, kuma ba a korar kowa. Garin da ya ga abin da ya gani a watan Satumba na 2013, lokacin da rikici ya ci gidaje da rayuka mutane suka watse, ya fi kowane gari sanin ƙimar ranar da maƙwabta mabambanta yare da addini za su zauna su ci daga akushi guda. Abincin da ke raba taro gida biyu, masu ɗanɗanawa da masu kallo, bai dace da irin wannan wuri ba.

Alhali kuwa muna da namu kayan zaƙi na aure, waɗanda iyayenmu mata suka ƙago su daidai da zafinmu da hanyoyinmu da yawan jama'armu. Alkaki ana soya shi a tsoma shi a zuma ko ruwan sukari, ya yi makonni. Dubulan haka. Nakiya kuwa, wadda ake yi da garin shinkafa da man shanu da zuma da kayan yaji, takan yi watanni tana ƙara daɗi. A wannan bikin dai da nake ba da labari, wata gwaggon amarya, tsohuwar da ba ta san fondan ba, ta kwana huɗu ita da 'yan'uwanta suna aikin gara, aka loda bokitai a bayan babur da a-kori-kura, suka bi ramukan da muka bi, ba wanda ya yi musu addu'a ta musamman, suka isa ba abin da ya same su. Dangin ango suka rarraba gida-gida, har gidajen maƙwabta Kirista, har shagon mai faci. Bayan wata biyu na koma garin, aka kawo mini ragowar nakiyar a ɗan kwano.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa magabata ba su san alfahari ba. Sun san shi sarai. Ita kanta gara ta zama dutse a wuyan iyayen amarya har malamai suna wa'azi a kanta, kuma duk wanda ya shiga ɗakin amarya a da ya ga jeren tasoshi da kwalla an ɗora wannan kan wancan har sun kusa taɓa rufi, ya san son gini mai hawa ba yau ya fara a zukatan mata ba, ba kuma daga Ingila ya zo ba. Bambancin dai shi ne jere dukiya ce ta mace, tana nan shekara da shekaru, ranar da ta shiga matsi ta zari kwalla biyu ta sayar ta rufa wa kanta asiri. Benen sukari kuwa kafin la'asar ya zama tarihi.

Akwai kuma lissafin da ya wuce na gida guda. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, shi ya sa yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a Fabrairu 2022, da faɗuwar Naira daga 2023, suka iso har cikin buhun fulawar mai kek a Lafiya. Sukarin da ake tacewa a Apapa galibinsa ɗanye ne daga Birazil, ko da yake kamfanin Dangote ya karɓi fili mai faɗi a Tunga ta ƙaramar hukumar Awe domin noman rake, muna kuma fatan Allah ya sa a ga amfaninsa. Manomin Assakio ke nan zai sayar da riɗin da ake fita da shi ƙasashen waje, ya ɗauki kuɗin ya sayo alkamar wata nahiya da sukarin wata nahiya, a gina masa abin da rabinsa soso ne. Alkaki ma da alkama ake yi, na sani, amma alkamar Kadawa da Haɗeja ta ishe shi, kuma mudu kaɗan yana cika bokiti.

Hujja mafi ƙarfi da aka kawo mini a kan ra'ayina, kuma na yarda da ita, ita ce sana'a. 'Yan mata da matan aure da yawa, waɗanda suka gama makaranta ba aiki, da wannan gashi suke biyan kuɗin makarantar ƙannensu, suna cikin gidajensu da mutuncinsu; wasunsu ma ba su da tanda ta zamani, tukunya ce suke zuba wa yashi a ƙasa su ɗora a kan gawayi, su jera gwangwanaye a ciki, ya fito ya yi kyau kamar na kanti. Wanda ya ce a daina kek gaba ɗaya, bakin waɗannan ya nufa da toshewa, ko ya sani ko bai sani ba. Haka kuma farin cikin yarinya a ranar da ba ta maimaituwa ba abin wasa ba ne, kuma dattijon da ya raina shi ya manta ƙuruciyarsa. Saboda haka abin da nake kira gare shi ƙarami ne: a rushe benen, a bar kek ɗin. A yi hawa guda na gaskiya, madaidaici, wanda ango da amarya za su yanka a ɗauki hoto. Kuɗin da za a kashe a kan soso da sanduna da ado a mai da su ƙananan kek na gwangwani ɗari biyu ko uku, marasa shafen bota, waɗanda za a ƙulla a leda tare da alkaki da kantun riɗi a miƙa wa kowa a hannu, har yaran bakin rumfa. A kuma ba matan garin aikin, a gasa shi a Assakio a ci a Assakio, hanya ta huta, kawunnai su huta. Mai sana'ar da ta iya wannan ba za ta yi asara ba, domin ribar da ke cikin ɗari uku ƙanana ba ta gaza ta babba guda ba, ga shi kuma ba za ta kwana da fargabar a kira ta a ce aikinta ya rushe a Ashige ba. Wanda kuma ya nace sai bene, to ya cika sharuɗɗansa: ya biya mai shi ta rako shi hawa-hawa, a taso da sanyin asuba, a ajiye shi a ɗaki mai iska, kada a fito da shi sai lokacin yanka ya yi.

Na faɗa wa ƙanwata duk wannan a daren bikin, muna zaune a tsakar gida ana wanke tukwane, ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Yaya, ka yi gaskiya, amma ƙanwarta tana nan tafe baɗi, kuma ta riga ta ce nata hawa biyar ne." Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa tun da gobe zan koma, in taimaka in tafi da sosunan nan guda biyu, domin ashe haya aka ɗauko su, akwai wani biki da ke jiransu ran Asabar mai zuwa. Aka kankare musu sukari, aka goge su da tsumma, aka sa a buhu. Washegari na rungumo su a cinya a motar haya, muka bi ta Ashige da Adogi da Akurba, rana tana dukan gilashi, direba yana faɗawa kowane rami da ya ga dama. Su kam sun isa Lafiya lafiya.